Osmanu Wanzam da Fuskar 'Yarsa

Ina yanka yadin riga a bakin shagona da hantsi, cikin daminar 1958, sai wani mutum ya tsaya a gabana riƙe da keken Osmanu. Keken na fara ganewa, saboda jan ƙyallen da ke kan sirdinsa ni na ɗinka shi. Mutumin ɗan ƙabilar Moshi ne, leburan gonar koko, sunansa Sumaila. Ya jingine keken a bango, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya shiga gaisuwa irin ta mutanen ƙauye: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ruwa, ina kasuwa. Da ya kai ƙarshenta sai ya koma farko. A nan na ajiye almakashi, domin Osmanu ya taɓa gaya mini cewa a wajensu ba a sauke mugun labari da gaggawa, sai an bar mai jinsa ya zauna tukuna.

Sumaila ya ce Wanzam ya je ƙauyensu a hanyar Ofinso yi wa leburori aski kamar yadda ya saba, ciwon ciki ya kama shi, bai daɗe yana jinya ba Allah ya karɓi abinsa. Ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shiga, don haka suka yi masa sutura a can, bayan gona, inda suke binne nasu. Ya ce mutane da yawa sun yi masa salla. Ya faɗi haka sau biyu, kamar yana tsoron mu na birni mu ce ba su iya ba.

Ni na je na gaya wa matarsa Barkisu. Wannan ba zan iya rubuta shi ba. Abin da nake so in rubuta shi ne ko wane ne Osmanu, domin mutanen unguwarmu ta Zango da yawa sun san hannunsa a kansu, amma shi kansa ba su san shi ba.

Bagobiri ne, daga wani ƙauye da ake kira Garin Barmo, can arewa cikin ƙasar da Faransa ke mulki. Gidansu gidan wanzamai ne tun kakanni. Ya shigo Kumasi kafin babban yaƙi, a ƙafa, tare da masu koro shanu, zabirarsa a rataye, zanen Gobir a fuskarsa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, daga gefen baki har kusa da kunne. Ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron da ke fuskantar shagona, ya jera asake da ƙahonni, ya zauna yana kallon gari.

Ni kuwa ɗan ƙasa ne, wato haifaffen Zango, ubana ma a nan aka haife shi. Mu samarin 'yan ƙasa a lokacin muna ji da kanmu, muna barin gashi a tsaga shi a gefe irin na akawun Adum, unguwar manyan kantuna. Wata Juma'a ina sauri na ƙetara na zauna a gabansa, na ce ya ɗan rage mini. Ya ce to. Ya jiƙa kaina, ya wasa aska a jikin fata, ni kuma na lumshe ido saboda taushin hannunsa. Ko da na farga ya yi mini ƙwal kwabo. Na tashi ina faɗa, shi kuma yana dubana cikin mamaki. Ya tambaye ni, ba da gatse ba, wai me nake tara gashin in yi da shi. Na kira shi baƙauye, na ƙara da kurasini, kalmar da Tonawa, ƙabilar da ke da garin Kumasi, ke zagin mutumin ƙauye da ita. Sai ya roƙe ni in maimaita masa kalmar a hankali har ya iya ta. Washegari ya kawo mini goro. Tun daga ranar ni ne Ɗan birni, shi ne Baƙauye, kuma in muna mu biyu ba mu ƙara kiran juna da wani suna ba.

Abin da muke faɗi a kan baƙi irinsa ba ɓoyayye ba ne. Muna cewa baƙauye yana tuɓe takalmi kafin ya hau lori. In ya zo ƙetare titi a Kejetia sai ya yi addu'ar tafiya, ya runtse ido, ya ruga. Yana gaida duk wanda ya gamu da shi daga Zango har Adum, shi ya sa aiken safe ke kai shi la'asar. Su ma ba su ƙyale mu ba. A zaurukan baƙi inda suke kwana, cewa suke yi ɗan ƙasa bai san gero daga dawa ba sai a cikin kwano, yana cin abinci a tsaye a bakin titi kamar doki, Hausarsa ta sha Tonanci har ba ta raba mace da namiji, in kuma ka tambaye shi garin kakansa sai ya nuna arewa da haɓa. Rabin abin da suke faɗi gaskiya ne. Namu ban san adadin gaskiyarsa ba, amma na ga Osmanu da idona ya tuɓe takalmi a bakin lori. Da na yi dariya ya ce ai ɗakin mutane ne, mata da dattawa na zaune a ciki.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne, zagin ba ya ɓata masa rai, sani yake so ya yi. Me ya sa muke kulle ɗaki alhali maƙwabtanmu Musulmi ne. Me ya sa muke sayen ganyen miya wanda ga shi nan yana fitowa a bayan masallaci. Wa ke noma wa wannan tulin jama'a abinci, kuma ko mun san su. Wata rana ya matsa mini na raka shi Adum, don ya ji an ce akwai mutumin da ke tsayuwa a tagar kanti ba ya ƙifta ido. Ya tsaya gaban mutum-mutumin nan mai kwat, ya duba fuskarsa ta dama, ya zaga ya duba ta hagu, sannan ya juyo ya ce mini wannan ma ɗan ƙasa ne, babu ko tsaga ɗaya da za a san gidansu.

Fuska ita ce karatunsa. In aiki ya yi sauƙi sai ya tafi tashar Kejetia ya zauna yana kallon masu saukowa daga motocin arewa. Wannan Bazabarme ne, wancan Badagombe, wancan daga Kabi, waɗancan Busanga. Yakan tari baƙon da ke tsaye da ƙunshinsa yana rarraba ido, ya gaishe shi da sunan ƙasarsu, ka ga mutum ya saki ajiyar zuciya, sannan ya kwatanta masa gidan da mutanensu ke sauka. In kuwa wani baƙo ya faɗi ya mutu a kasuwa ko a tasha ba wanda ya san shi, Osmanu ake aika wa. Ya yaye mayafin, ya duba, ya ce a kira Zabarmawa ko a kira Moshi, nasu ne. Su zo su ɗauki ɗan'uwansu.

Sau ɗaya aka kira shi ga gawar wani saurayi da aka samu a bayan tashar jirgi. Fuskarsa sumul. Osmanu ya duba goshi, ya duba wuya, ya duba bayan kunne, bai sami komai ba. Ba wanda ya zo nemansa, ba a ma san ko mai salla ba ne, ma'aikata suka tafi da shi. Ranar Osmanu bai ci tuwo ba. Ya zauna a bencin shagona har magariba, duk abin da ya ce shi ne, yaron nan uwa ce ta haife shi, kuma tana wani wuri tana jiran ya dawo.

Ya daɗe bai yi aure ba, domin gidajen 'yan ƙasa ba sa saurin ba baƙo 'ya. Barkisu bazawara ce mai sayar da koko da ƙosai a kwanar layinmu, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma bakinta ya fi ƙosanta zafi. Ita ce ta fi kowa tsokanarsa, tana kwaikwayon Gobirancinsa a gaban masu saye. Da aka ce shi za ta aura, Zango ta yi mako tana zancen. Uwarta, Mma Rakiatu, jikar fataken goro ce daga Kano, mai gidan kanta. Ta yarda, ta ce aƙalla wannan ba ya zuwa sinima.

Sai dai kunyar suruka irin ta Osmanu ba a taɓa ganinta a Zango ba. Mu a nan mukan durƙusa mu gaida suruka, mu ɗan yi hira, wani ma ya ci abinci a gidanta. Shi kuwa ba ya haɗa ido da ita, ba ya magana inda take, ba ya bin layin da take bi. In ya hango ta tafe yana tsakiyar aski, sai ya ajiye aska ya faɗa lungu, ya bar mutum da rabin kai. Mma Rakiatu takan biyo ta gindin mangwaron da gangan in tana son dariya. Matan gidanta suka sa masa suna Zomo.

Da Barkisu ta sami ciki a 1952, maganar zane ta tashi tun kafin a san abin da za a haifa. Shi a wajensa ba abin tambaya ba ne. Ɗan Bagobiri ana yi masa zanen Gobir ran suna, kamar yadda ake yanka masa rago. In ba haka ba, in ya je Garin Barmo wa zai ce nasu ne, in ya faɗi a wata ƙasa wa za a kira. Barkisu ta zo shagona ta same ni, don ta san ni yake gaya wa abin da ke ransa. Ta ce, "Sanni, ni a bakin famfo na tashi. Na san abin da yaran Tonawa ke kiran mai zane. Bawa suke ce masa. Ba za a kira abin da na haifa haka ba." Ta ce a gidansu an bar zane tun zamanin kakanta, kuma ba wanda ya ɓace. Na kai masa maganarta, na kawo mata tasa, na yi ta kai da komo har na rasa wanda nake goyon baya. In ina gabanta ita ce mai gaskiya, in na ƙetara titi shi ne.

Mace aka haifa. Barkisu tana wankan jego a gidan uwarta, don haka a can aka yi suna. Osmanu ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Ajara, sunan da ba zai taɓa faɗi da bakinsa ba, sai dai ya ce Uwata. A gidansu uba ba ya sa wa ɗansa aska, don haka ya ɗauko wani tsohon wanzami Bagobiri daga unguwar Moshi Zango, ya gaya masa abin da za a yi bayan askin kai. Bai ɓoye wa kowa ba. Ya ɗauka tunda ya faɗa, an gama.

Abin da bai lissafa ba shi ne wadda za ta riƙe jaririyar. Da aka fito da ita tsakar gida, Mma Rakiatu ce ta zauna a kan tabarma ta ɗora ta a cinya. Osmanu yana shigowa ya gan ta, ya juya baya, ya tsaya a bakin zaure yana kallon bango. Tsohon ya aske kan jaririyar tas. Ya goge aska, ya ɗauko ƙaramar, ya ɗaga kai yana jiran uban yarinya ya ce bismilla. Ina tsaye kusa da Osmanu, ina ganin zufa tana bin zanen fuskarsa. Kalma ɗaya ce, amma sai ta bi ta kan surukarsa kafin ta isa kunnen tsohon. Mata sun yi tsit. Mma Rakiatu ta bari shirun ya yi tsawo yadda take so, sannan ta ce, "An gama ko? Sannu da aiki, Allah ya yi albarka." Ta rufe fuskar jikarta da gefen zaninta, ta tashi ta shige ɗaki. Har Barkisu ta gama wanka, duk lokacin da Osmanu ya zo gidan, yarinyar tana hannun kakarta.

Na zaci zai yi fushi mai tsawo, amma ba haka ba. Ya ce mini matan birni sun yi masa dabara da nasa halin, kuma dabarar ta yi kyau, dole ya yaba. Amma abin bai bar shi ba. Yakan zaunar da Ajara a gwiwarsa a gindin mangwaro, ya yi ta dubanta kamar yana jiran wani abu ya fito a kumatun da kansa. Yakan tambaye ni ko na ga kamarsa a jikinta, in ce hancinsa ne ɗungurungum, ya ce hanci ba shaida ba ne, kowa yana da shi. Ita kuwa ta tashi 'yar Zango sosai, da takalmin roba da son burodi, tana jin Tonanci fiye da ubanta, tana gyara masa magana a gaban mutane. Shi kuma yana jin daɗin hakan ƙwarai, yana cewa a saurari Uwata, malamar gidansu.

A ranin 1957, shekarar da ƙasar nan ta sami 'yancin kai, wasu Gobirawa masu tallar fata suka kawo masa saƙon baka daga gida. Mahaifiyarsa ta makance, ƙarfinta ya ƙare, tana so ta taɓa takwararta kafin ta mutu. Sun ce tun da idon ya tafi, da hannu take gane jikokinta, ta shafa kuncin yaro ta bi zanensa da yatsa, ta faɗi ko ɗan wane ne.

Barkisu ba ta da halin binsu, domin Mma Rakiatu tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ba mai juya ta sai ita. Ba ta kuma da halin hana tsohuwa ganin jika. Ta ce to ya bar zabirarsa a gida. Ya yi dariya, ya ce a Garin Barmo ko yaro mai kiwon awaki yana da aska a aljihu, kuma wansa Bawa, wanda ke riƙe da gidan yanzu, ya fi shi hannu. Ta ce ya rantse zai dawo da yarinyar yadda ya tafi da ita. Ya ƙi. Ya ce ba zai rantse a kan abin da za a yanke a gaban uwarsa da wansa ba, shi ƙarami ne a can. Ni ma na ja shi gefe a tasha na tambaye shi, ya ce wallahi bai sani ba.

Watannin nan Barkisu ta rame. Duk ranar da motar Tamale za ta shigo sai ta bar wa maƙwabciya tukunyar koko ta tafi Kejetia, ni kuma in rufe shago in bi ta, don kada ta tsaya ita kaɗai. Muna kallon yara suna saukowa, masu zane da marasa zane, har na kama kaina ina karanta fuskoki yadda yake yi.

Sun dawo gab da faɗuwar ruwa. Barkisu ba ta gaida mijinta ba. Ta kama fuskar Ajara da hannu biyu, ta juya ta wajen rana, dama da hagu, ta duba goshi da bayan kunne, har ta ɗaga rigarta ta duba ciki. Babu komai, yarinya ta yi baƙi ta yi tsawo, shi ke nan. Osmanu yana tsaye da kaya a ka yana jira a ce masa sannu da zuwa. Sai da ta zauna a ƙasa ta yi kukanta ta gama sannan ta ce masa.

Bai gaya wa kowa abin da ya faru a can ba. In na tambaya sai ya ce hanya ta yi wuya, jirgin ƙetare ruwa a Yeji ya sa su jira. Bayan wasu watanni labarin rasuwar tsohuwar ya iso, aka yi sadaka. Mutanen Zango suka ce birni ta ci baƙauye, Gobirawan zaure suka ce mace ta fi ƙarfinsa. Ya bar kowa da zancensa.

Sai ana gobe zai tafi ƙauyukan hanyar Ofinso, tafiyar da bai dawo ba, bayan la'asar, ruwa ya tsare mu a shagona. Ajara da yaran layi suna tsalle a ƙarƙashin indararo suna waƙar Tonanci. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya fara ba ni labarin, ba tare da na tambaya ba.

Ya ce ranar da suka isa, ƙauyen duka ya fito kallon 'yar Kurmi, haka suke kiran ƙasar nan. Ta ga jaki ta ruga bayan ubanta. Aka ba ta fura ta tambayi burodi, aka nuna mata rijiya ta tambaya ina ake murɗawa. Dattawa suka sa shi gaba da tambaya, wai gaskiya ne a birni ana sayen ruwa, ana sayen itace, maƙwabci ya mutu ba ka sani ba sai ka ga makara. Ya ce ya sami kansa yana kare mu, shi da ya yi shekara da shekaru yana zaginmu, har Bawa ya ce masa bakinsa ma ya fara warin birni.

Aka kai yarinyar wurin tsohuwa. Ta shafa kuncin dama, ta shafa na hagu, ta koma ta sake. Ta ce wannan ba a gama ta ba. Ta ƙi kiranta takwara, sai Ta-Kurmi. Amma kullum da rana sai ta aika a kawo mata ita, ta zaunar da ita ta yi ta shafa fuskar, wai tun da take ba ta taɓa jin kunci mai girma haka babu hanya a kansa ba, kamar gonar da ba a yi wa kunya ba.

Bawa ya sa rana. Da safen ya wasa aska, aka kawo ruwa da baƙin tukunya na shafawa a tsagar, mata suka taru. Tsohuwar ta ce a ɗora mata yarinyar a cinya. Tana bin kuncin da yatsa tana auna inda kowane layi zai bi, sai Ajara ta ɗaga nata hannun ta sa a fuskar tsohuwar, ta bi zanen, ta tambaye ta wa ya yi mata wannan, kuma ya yi zafi. Tsohuwar ta ce ba ta sani ba, tana jaririya aka yi. Ta janye yatsanta daga kuncin yarinyar. Can ta ce wa Bawa ya mayar da askarsa.

Osmanu ya kwaikwayi muryarta, a hankali: "Ni ban san zafinsa ba. Ita za ta sani, kuma da shi za ta riƙa tuna garin nan. Ban da haka fatar ta yi ƙwari, zanen zai buɗe ya yi muni, a ce aikin gidan wanzamai ne. Lokacinsa ya wuce. Wancan sakaran da ya tsaya kallon bango shi ya ɓata."

Na tambaye shi shi me ya ce a lokacin. Ya ce bai ce komai ba, kuma da ba ta hana ba, da ya bari an yi. Har yanzu, in ji shi, in ya dubi yarinyar wata rana yakan gode wa Allah, wata rana kuma ya ji kamar ya bar ta a tasha babu mai tarya. Tsohuwar dai ta san ta da hannu kafin ta rasu, ko a cikin yara goma takan fitar da ita. Amma Bawa ya raka su bakin hanya ya ce masa, su da suka gan ta sun san ta, in sun mutu fa, ta zo garin nan da wannan fuskar, wa zai ba ta ko tabarma.

Ruwan ya fara tsagaitawa. Ya juyo ya dube ni irin duban da yake yi wa baƙi a tasha.

"Ɗan birni," ya ce, "ku da fuskarku ba ta faɗin komai, in ɗayanku ya je inda ba a san shi ba, yaya yake yi?"

Na ce sai ya buɗe baki ya faɗi ko shi ɗan wane ne.

Ya jinjina kai kamar na gaya masa wata sabuwar dabara ta Turawa. Ya ce to haka za a yi wa Uwata. A koya mata sunan garin, da na kakansa Barmo da ya kafa shi, da na Bawa, da na mahaifinsa da mahaifiyarsa, ta iya jera su ko daga barci aka tashe ta. Kakansa da wansa yana iya faɗi, amma sauran biyun bakinsa ba ya ɗauka, na sani. Na uwar, Ajara tana ɗauke da shi. Na uban kuwa, ya nuna mini da haɓa wajen mai gawayin kwanar layi, ya ce sunansu ɗaya. Na ce Iddi ke nan. Ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa, ya ce ka gani, babu sunan da ya fi ƙarfin bakinku.

Ya tashi ya naɗe ƙafar wandonsa saboda taɓo. Na ce masa, "Yanzu ni, ɗan birni, ni zan koya wa 'yar Gobir asalinta?"

Ya ce, "Kai ɗin. Ku ne masu baki."

Na ce, "To, Baƙauye. Sai ka dawo mu fara."

Ya ce, "A'a, ka fara tun gobe. Kai ma sai ka maimaita kafin ya zauna maka."